Idon Ummaru Direba

Dutsin-Ma, 1968

Zuwa ga ɗana Dalhatu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata hutu na tafiya lafiya. Kai, madalla da wannan karatu naka na halayyar ɗan Adam. A tura mutum har jami'a ya koyo yin shiru da gyaɗa kai! Da mun sani, da mun kai akuyar Innarka, ta daɗe da ƙwarewa.

Amma na gwada abin da ka nuna mini. Ummaru, direban lorin Alhaji Rabo, ya zauna a rumfata yana tsaki. Ban ba shi shawara ba, na dai maimaita masa maganarsa: "Wato kana cikin damuwa." Sai ga ƙato yana hawaye. Ashe dundumi ya kama shi, da magariba ta yi ba ya ganin hanyar Kurfi, da ƙiyasi yake tuƙi. Ko matarsa ba ta sani ba. Shekaruna nawa ina dillanci, ban taɓa samun makami irin wannan ba.

Kawunka, Lado

Kurfi

Zuwa ga Kawu,

Bayan gaisuwa da ladabi, Inna na gaishe ka. Kawu, ba makami ba ne. Abu na farko da aka koya mana shi ne riƙon amana. Amma tunda akwai rayukan fasinja, ka lallashe shi ya je asibiti, ya kuma gaya wa Alhaji da bakinsa, ka raka shi. In ya ƙi, ka sanar da shi Ummarun cewa za ka faɗa, kafin ka sanar da kowa. Allah ya ƙara girma.

Ɗanka, Dalhatu

Dutsin-Ma

Dalhatu,

Gaisuwa. Wasiƙarka ta tarar na riga na je wurin Alhaji. Ka buɗe mini ƙofar uzuri da zancen fasinja, na kuma so in bi ta nan, amma ba su na tuna ba. Jibo na tuna, ƙanen matata, wanda ya daɗe yana neman mota. Yanzu lorin na hannunsa.

Ummaru na zaune, ba aiki. Kullum bayan la'asar yana rumfata, wai duk garin nan ni kaɗai ke saurarensa. Jiya ya ce, "Malam Lado, ni dai in san wanda ya kai ni wurin Alhaji."

Na ce, "Wato kana son ka san wanda ya kai ka."

Ya ce gobe zai dawo. Ka huta lafiya. A jami'ar taku, ranar da malami ya zo wannan darasi, shi ma kai ya gyaɗa?

Kawunka, Lado