Sunan Mai Rijiya ta Bakwai

Dakoro, daren Talata

Wata uku ina zayyano wa Rabi sunayen waɗanda suka gina rijiyoyin ƙasar nan, tana zubawa cikin ordinata, wato kwamfuta. Yau su Rabi suka maida aikin kan sabon inji, shafin da ke nuna sunayen ya ƙi buɗewa.

Ta ce, "Baba, sunayen suna nan. Akwai wani ɗan abu mai haɗa shafin da rumbun da sunayen suke ciki, bibiliyotek muke ce mishi. Injin yana kiran shi, ba ya amsawa. Ba a aje shi inda ake neman shi ba."

Na ce, "Ɗiyata, kashe abinki. Ni ne rumbun."

Na fara jero su da ka don ta gani. Shida suka zo sumul. Na kai rijiyar hanyar Kornaka, sai bakina ya tsaya. Ina ganin mutumin, da tabon igiya a tafinsa, har tarinsa ina ji. Sunan ya ƙi.

Rabi ta sadda kai, ta ce gobe za ta gyara nata.

Tun isha'i nake kiran shi. Na san sunan yana ciki. Bai amsa ba.