Layin da mamanta ta ja a bango

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin, Allah Ya saka da alheri, ka sa mini wannan ba tare da sunana ba. Na daɗe ina karanta abin da ake rubutawa a nan ban taɓa cewa komai ba, yau ni ma na zo da tawa. Don Allah ku ba ni shawara, musamman waɗanda suka taɓa fita waje suka shiga irin wurin da zan faɗa. Ku yi haƙuri da rubutuna, karatuna bai yi nisa ba.

Ni tela ne, shagona yana bakin kasuwar Dungas, asalinmu kuma mutanen Kwaya ne. 'Yata guda ɗaya ce, shekararta tara, a nan zan kira ta Nana ko da yake ba shi ne sunanta ba. Mahaifiyarta ta rasu wata takwas da suka wuce, jinyar kwana shida ta yi. Ba zan tsawaita a kan wannan ba, wanda ya karanta ya sa ta a addu'a.

Marigayiya tana da yaya da ke aure a wata ƙasa ta Turai, Nana tana ce mata Tanti. Shekara biyu da suka wuce Tanti ta turo bidiyon wani babban filin wasa da ke kusa da garinsu, irin wanda ake sayen tike a shiga a wuni, akwai lilo iri-iri da dawakin roba masu juyawa da gidajen da ban san sunansu ba. A cikin bidiyon akwai wani ɗan jirgin ƙasa da ke hawa sama a hankali, sai ya gangaro da gudu ya ratsa ta cikin ruwa, mutanen ciki suna ihu suna dariya. Nana da mamanta sun kalli wannan wurin har wayar ta mutu, aka yi mata caji suka sake kallo. Tanti ta ce za ta yi musu takardun gayyata su zo, su biyu, ni dama ba na cikin tafiyar. Amma ta ce wannan jirgin ba a barin yaro ya hau sai tsawonsa ya kai mita ɗaya da santi ashirin, akwai sanda a bakin ƙofa da ake tsayar da yara a auna su.

A ranar, marigayiya ta zo har shago ta zare mitar awo daga wuyana ta tafi da ita gida, na wuni ina auna mutane da ido. Da na koma na tarar ta auna daga ƙasa a bangon ɗakinta, kusa da ƙofa, ta karce wurin da ƙusa ta bi shi da jan biro. Ta ce wa Nana duk ranar da kanta ya taɓa wannan layin, ranar za su hau jirgin tare. Daga nan kowace Sallah sai ta tsayar da ita ba takalmi, ta ɗora mata littafi a ka, ta ja ɗan layi, ta rubuta kwanan wata a gefe. Layi huɗu ne da rubutun hannunta, duka suna ƙasa da jan layin. Nana ƙarama ce a jiki, ni ta ɗauko. Ta ci wake har ya gundure mu, tana rataya a reshen bishiyar bedi ta tsakar gida wai ta miƙe, mamanta na yi mata dariya.

Bayan sadakar arba'in mahaifiyata ta baro Kwaya ta dawo wurinmu saboda yarinyar. Ta ce a gyara ɗakin, a yi farar ƙasa a zuba siminti, don tsohon daɓen ya fara ramuka, kuma kada yarinya ta riƙa shiga tana ganin komai yadda aka bar shi. Na yarda da siminti, farar ƙasa kuwa na ce ban da wannan bangon. Mun ɗan sami saɓani, ta ce ina riƙe abin da ya kamata in saki, na ce ta yi haƙuri. Ranar da magini ya zo ni da kaina na yaga takardar buhun siminti na manna a kan layukan don kada kwaɓi ya fantsama musu, na tsaya a kansa har ya gama. Ina ta kallon bango, ban kalli ƙasa ba.

Tun rasuwar, Nana ba ta sake tsayawa a wurin ba, ba ta sake zancen jirgin ba, surutu ma gaba ɗaya ta rage shi. Sai Tanti ta ce alkawarin ƙanwarta ba zai faɗi ba, ta sake takardun da sunana a madadin marigayiya. Ni ban so ba da farko, mutumin da bai taɓa wuce Yamai ba. Amma aka yi fasfo, aka yi ta kai da komo, biza ta fito, an sa tafiya cikin hutun lakwal, wato makarantar boko, yau saura kwana goma sha tara.

Ranar da biza ta fito na gaya wa Nana. Washegari da hantsi ina kan keken ɗinki sai ga ta a guje, ƙafa ba takalmi, tun daga nesa take kira, "Baba, na kai! Na kai layin Mama!" Ta ja ni har gida, ta tsaya a bango, ta ɗora littafin a kanta da hannunta. Kanta daidai jan layin. Kakarta ta ce, "Ke da jiya-jiya turmi ya fi ki tsawo? Ɗage kike yi, 'yar nema." Nana ta ce, "Zo ki taka ƙafata ki gani, tsohuwa mai baƙin ciki." Ta yi dariya, irin ta da, wadda rabon da in ji ta tun kafin jinyar. Ni ma na yarda, na ce waken ne ya yi aiki. Sai ta kama hannuna ta ce, "Baba, kai za ka zauna a wurin Mama."

Kwana uku da suka wuce na zo ɗinka mata rigar tafiya. Na auna kafaɗa, na auna hannu, sai hannuna ya saba, na saki mitar daga kanta har ƙasa. Mita ɗaya da santi goma sha shida. Na sake aunawa, na ce mata ta miƙe sosai, haka dai. Ban nuna mata komai ba. Da ta tafi Islamiyya na shiga ɗakin na auna bango, daga siminti zuwa jan layi, santi ɗari da goma sha shida. Simintin da aka zuba ya ɗaga ƙasan ɗakin da santi huɗu. Marigayiya ta auna daidai, ni ne na ɓata awon, kuma ina tsaye aka yi.

Tun ranar ban zauna wuri ɗaya ba. In na hau keke sai in sauka, in fita bakin kasuwa in dawo ban san abin da na je yi ba. Jiya na ɗinka wa wani bawan Allah hannun riga a juye, sai da na farke. Na auna bangon nan ya fi sau goma kamar zai canza.

Na gaya wa mahaifiyata. Ita a wurinta abin ba wani abu ba ne. Ta ce kada in kuskura in faɗa wa yarinya, ita za ta yi mata kitson doka mai tudu ranar tafiya, a sa hijabi a kai, wa zai ce ta cire? Abokina baduku da ke gefen shagona ya ce in kawo takalminta ya ƙara masa taya a ƙasa, wai in ya gama da ita ni ma sai ta leƙo tsakiyar kaina. Ya ce Turawa sanda suke kallo, ba sa kallon ƙafa. Ban ɓoye muku ba, na kai masa takalmin, yana wurinsa yanzu, na dai ce ya dakata.

Da na kira Tanti sai ta yi faɗa, abin da ba ta taɓa yi mini ba. Ta ce awon nan ba don ado aka sa shi ba, akwai ƙarfen da ke sauko wa mutum a cinya ya riƙe shi lokacin gangarowa, in yaro bai kai ba ƙarfen ba ya kama shi yadda ya kamata. Ta ce masu aikin wurin suna danna gashi da hannu su ga inda kai yake, in sun ga takalmin da ba su yarda da shi ba suna iya cewa a cire. Ta ce ko da za a wuce da dabara ita ba za ta tsaya tana kallo ba, ta rasa ƙanwa, ba za ta sa 'yar ƙanwa a haɗari ba. Ta ce in gaya mata gaskiya tun yanzu, wurin yana da wasanni da yawa da ƙananan yara ke hawa, wuni guda ma ba ya isa a gama su. Maganarta gaskiya ce, na sani. Amma ita a waya take jin muryar Nana, ba ta ga wata takwas ɗin nan da idonta ba. Yarinyar nan ba sauran wasannin take so ba, ko kallonsu ba ta yi a bidiyon. Kullum da ta dawo daga lakwal sai ta shiga ta jingina da bangon kafin ta ci abinci.

In na gaya mata yanzu, ina tsoron ta koma shirun nan, kuma za ta san cewa ni na ɓata abin da mamanta ta bar mata. In na yi shiru, za mu ƙetare ƙasashe, mu bi layi, a tsayar da ita a jikin sanda a gaban mutanen da ba ma jin yarensu, wani ya girgiza kai. A ganinta a lokacin, ko dai Mama ce ta yi kuskure, ko Baba ya sani ya ɓoye. Ban san wanne ya fi muni ba. Zancen doka da taya kuwa, duk lokacin da na tuna ƙarfen nan sai in ce ba zan yi ba, amma ban karɓo takalmin ba har yanzu.

To ga tambayoyina ga waɗanda suka taɓa shiga irin wannan wuri. Da takalmi ake auna yaro ko sai ya cire? In takalmin makaranta ne na kullum, wanda zai ƙara santi ɗaya ko biyu, suna yin sassauci a kan sauran, ko ba a roƙo a wurin? Ana auna yaro tun a babbar ƙofa ne, ko sai an gama bin layi an zo bakin jirgin? Na ji Tanti na cewa layin kan ɗauki lokaci mai tsawo, in da hali gara a auna ta tun farko inda ba jama'a. Akwai irin wannan jirgin ƙarami, mai ratsa ruwa shi ma, da ake barin wanda bai kai ba ya hau in babba yana gefensa? In akwai, wataƙila in sami abin da zan riƙe a hannu lokacin da zan yi mata magana.

Sai ƙananan abubuwa, da nake jin kunyar yi wa Tanti yawan tambaya a kansu. Ina mutum zai yi alwala da sallah a irin wurin, ana barin a shimfiɗa darduma a gefe? Abinci fa, ana shiga da na gida ko dole sai nasu, kuma yaya zan gane wanda ya halatta? Hijabin yarinya ba ya tashi ko ya maƙale a jikin wani abu, ko in ɗinka mata gajere mai kama wuya? Na yi niyyar ɗinka lambar wayar Tanti a cikin rigarta saboda ɓata, ban sani ba ko akwai abin da ya fi wannan. Kuma ni kaina ban taɓa hawa abin da ya fi rumbu tsawo ba, ko amalanke in jaki ya yi gudu riƙe gefe nake yi. Wanda ya taɓa hawa ya gaya mini, rufe ido ya fi ko buɗewa? Ba na so ta juyo ta ga tsoro a fuskata. In ita ba ta samu hawa ba, ya dace ni in hau tana kallo, ko wannan ƙarin ciwo ne?

Abin da ya sa na kasa jira shi ne jiya. Bayan la'asar ta kawo mini jan biron mamanta, ashe tana ajiye da shi a cikin jakar lakwal duk watannin nan. Ta ce in rubuta kwanan wata a gefen jan layin yadda Mama ke yi, don a san ranar da ta kai. Ta ce rubutunta ba shi da kyau, ba ta so ta ɓata wurin. Na karɓi biron, na tsaya a gaban bangon, rubutun marigayiya huɗu a jere. Na ce mata hannuna da man keke, ta bari sai gobe.

Goben ce yau. Ƙarfe shida take dawowa daga Islamiyya, biron yana aljihuna. Iyaye, da ku da kuka san wurin nan, in rubuta mata, ko in zaunar da ita in ɗauko mitar? In zaunar da ita ne, ku gaya mini kalmar da zan fara da ita.