Hannun Rahila a Kan Ganga

Lahadi da dare, Mafara.

Dattijo Ayuba ya zo daga Gusau yau, wai zai koya wa ɗalibanmu na zumuntar Kirista shugabanci. Awa biyu yana surutu a kan ba matasa dama, bai bar ko ɗaya ya buɗe baki ba. Har addu'ar buɗewa, da na sa ɗalibarmu Rahila ta shirya tun Laraba, shi ya yi abinsa.

Ajin da makaranta ta ara mana yana jikin masallaci. Sharaɗi ɗaya aka ba mu: in an kira sallah, ganga ta yi shiru. Sau biyu na gaya wa Dattijo, ya ce, "Malam Istifanus, shekara talatin ina wannan aiki."

Ladan ya fara kiran la'asar, Dattijo ya runtse ido ya ƙara jan waƙa, yana yi wa makaɗi alama ya dage. Na san za a ƙwace ajin. Amma na zauna ina tsara yadda zan faɗa masa ba tare da na ci fuskarsa ba.

Sai Rahila ta tashi ta ɗora tafin hannu a kan ganga.

"Baba, a yi haƙuri, ana kiran sallah. Mu ƙarasa in sun idar."

Da aka tashi ya ce yarinyar ba ta da ladabi, kada a zaɓe ta shugaba. Ka ji malamin shugabanci!

To ni ɗin fa? Shekara huɗu ina cewa ɗaliban nan ba su isa shugabanci ba tukuna. Gobe zan miƙa mata mabuɗin ajin.