Na Ɗora wa Kafilina Laifin Kyanwata

Assalamu alaikum, Hajiya Jawahir. Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki sakaya sunana. Na ƙulla abin da na kasa kwancewa, ga lokaci ya ƙure mini.

Ni mutumin Maraɗi ne, shekarata sha ɗaya a Jidda, ina tuƙa motar kaya a wani sito da ke unguwar masana'antu. A nan na auri Mastura, haifaffiyar garin, wadda Hausarta ma rabi Larabci ce. Allah bai ba mu haihuwa ba. Ta ukunmu a ɗakinmu na unguwar Bani Malik wata jar kyanwa ce da ta tsinto a lungun Balad, tsohon garin Jidda, ta sa mata suna Mishmish. Da farko har faɗa nake yi. Ni da na taso inda aikin kyanwa kama ɓera, a ce wai ana saya mata abincin gwangwani! Amma Mastura ta fi ƙarfina. Duk hutun Sallah sai mu sa ta a kwando mu bi bakin Bahar Maliya, Tuwal, Rabig, wata shekara har Yanbu. Mu sayi kifi a hannun masunta a soya mana, mu ci tsoka, ita ta ci kai.

Shekara huɗu ke nan da rasuwar Mastura, kuma tun lokacin ban taka gida ba. Sallar farko na yi niyya, har na ɗaure jaka, sai na ga kyanwar nan kwance a kan sallayar marigayiya. Na kasa. Na ɗauke ta muka tafi Rabig mu biyu, na zauna bakin ruwa na yi ta kuka. Da Inna, mahaifiyata, ta bugo waya tana tambayar me ya hana ni zuwa, kunya ta hana ni cewa kyanwa ce. Wa zai ji haka a Maraɗi bai ce iska ta taɓa ni ba? Sai na ce kafilina, wato ubangidan da nake aiki a ƙarƙashinsa, shi ne ya hana ni hutu.

Hajiya, wallahi ƙarya na yi wa bawan Allah nan. Sunansa Sa'ud. Sau biyu yana yi mini bizar fita da dawowa, tana ƙarewa ban tafi ba. Bai taɓa barin iƙamata, wato takardar zamana a ƙasar, ta mutu ba, kuma shi ya tsaya a kan jana'izar matata. Amma kowace Sallah sai na ƙara masa wani mugun hali don zancena ya zauna, har ya zama Fir'auna a bakin danginmu. Inna kuwa ba ta wasa da addu'a. Kullum bayan sallar asuba sai ta kai ƙararsa wurin Allah, da sunansa, don ni na ba ta sunan. Watan jiya ya zame a sito ya karya ƙugu. Na yi suɓul da baka na gaya mata, ta yi hamdala, ta ce somin-taɓi ne. Ni nake kai shi asibiti yanzu, yana sa mini albarka, ina kasa haɗa ido da shi.

Ga babbar kuma. Yayana Haladu zai zo Umara goman ƙarshe na azumi, saura kwana sha biyu. Inna ta haɗo shi da kilishi da turmin shadda, ta ce ya je takanas ya durƙusa gaban Sa'ud ya roƙe shi ya sake ni, ta gan ni tun tana gani, don yanar ido ta riga ta rufe mata ido ɗaya. Har na yi tunanin kashe waya in gudu Yanbu sai ya koma. Ƙanwar matata, Nuha, ta sha cewa in kawo mata Mishmish, amma ranar da na gwada ta ƙi cin abinci, la'asar na yi na je na ɗauko ta. In na tafi ta mutu, ji nake kamar na sake binne Mastura. In na zauna, ban san da wace fuska zan tari yayana ba. Yaya zan yi?

Mai Kyanwa, Bani Malik, Jidda

Wa alaikumus salam, ɗan'uwana. Allah ya jiƙan Mastura, ya haskaka makwancinta.

Ba zan yi maka dariya ba. Tausayin dabba lada ne, kuma kowa da inda yake ajiye kewarsa, kai a jikin kyanwa ka ajiye taka. Amma bari in faɗa maka gaskiya. Ko wuni ɗaya ba ka bari ta cika a gidan Nuha ba. Kyanwa takan yi yajin cin abinci a baƙon wuri, sannan ta sauko. Ina zargin kai ne ka kasa zama a ɗakin ba kowa, kuma kana tsoron shiga Maraɗi kai kaɗai a zo maka gaisuwar da ka yi shekara huɗu kana guje wa.

Zancen gudu Yanbu ka cire shi daga ranka. Ko ba ka nan Haladu zai nemo Sa'ud, sai mutumin da ke jinya ya ji daga bakin baƙo irin sunan da ka yi masa. Wannan ya fi komai muni.

Ka kira Inna yau, domin ita ce ke ɗaga hannu kowace asuba. Za ta yi faɗa, ƙila ta yi kuka, 'yan'uwa kuma za su yi maka tsiya har ka tsufa. Ka shanye, kai ka jawo. Karayar ƙugu ba ni ba kai da ya san dalilinta, kuma Allah ba ya kama mutum da laifin da bai yi ba. Sunan da ka ɓata dai haƙƙi ne a wuyanka. Ka samu Sa'ud ku biyu, ka faɗa masa duka, ka nemi yafiya. In ya ji zafi yana da hujja, ka ba shi lokaci. Kilishin da shaddar su zama na dubiya, ku kai masa tare da Haladu.

Mishmish kuwa, ka kai ta gidan Nuha tun yanzu, da kwandonta da sallayar da take kwanciya a kai, ka riƙa leƙa ta. In ta kwana biyu ba ta ci ba, akwai likitan dabbobi. Ka tuna Nuha ma 'yar'uwa ta rasa, ka bar ta ta riƙe abin da yayarta ta so.

Daga nan ka nemi biza ka bi yayanka gida. Ido ɗaya ya rage wa Inna, da shi take jiran ka. Kada ka bari sai ta shafa fuskarka da hannu kafin ta gane ɗanta. Allah ya ba Sa'ud lafiya, ya sanyaya maka zuciya, ya sa a gaban Inna za ka ci tuwon Sallah.

Hajiya Jawahir