Gayyar Alhamis Kafin Wasan Bungudu

Gusau, 12 ga Yuli, 1974

Zuwa ga aminina Sahabi,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, kai da Lami da yara, kuma damina ta sauka muku da albarka. Mu nan sai godiya, in ban da Malam Attahiru.

Ka san shi, shekara goma sha biyu yana buga wa ƙungiyarmu lamba tara, yau shekara shida yana koci, ba a taɓa jin ya zagi alƙalin wasa ba. Ni ma ina girmama shi. Amma gobe ne wasanmu na ƙarshe da Bungudu, kofi a gaba, shi kuwa jiya, maimakon atisaye, sai ya loda 'yan wasa a mota zuwa 'Yandoto. Wai gayya za a yi wa Hanatu, matar marigayi Labbo, badukun da yake ɗinke mana ƙwallo. Na tuna masa da kofin, ya ce ciyawa ba ta san Asabar ba, kuma matar ta sha fari bara.

Mun nome gonar tas. Shu'aibu, golanmu, wanda tela ne bai saba da hauya ba, tafin hannunsa duk ya yi bororo. Na rubuta komai a littafina. Da ni sakatare ne na kirki, ai da na hana. Ban hana ba, har kunya huɗu na nome.

Naka,
Yusha'u

Gusau, 16 ga Yuli, 1974

Aminina Sahabi,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar iyali, an ci mu biyu da ɗaya. Duka biyun daga hannun Shu'aibu suka suɓuce.

Kwamiti yana so ya cire Malam Attahiru. Shugaba, Alhaji Rabi'u, ya ce in zo da littafina ranar Lahadi in karanta abin da ya faru ranar Alhamis, tunda kowa ya san ba na tsallake rana. Na je wurin Malam don mu shirya abin da zan faɗa, na tarar da shi yana shafa wa Shu'aibu man kaɗe. Ya ce in karanta yadda yake, ya ci gaba da shafawa. Mutum ana neman raba shi da aikinsa, ko ɗago kai bai yi ba! Ni ne na kasa cin tuwo.

Na yanke shawarar in nuna musu ko shi wane ne. Ka sa mu a addu'a.

Naka,
Yusha'u

Gusau, 24 ga Yuli, 1974

Sahabi,

Ina gaishe ka, ina gaida mutanen gida. An cire shi, kuma da hannuna.

Ban tsaya a Alhamis ba, na faro daga 1968. Na karanta rijiyar da muka yasa a Wanke, da ɗakunan da muka yi wa yaɓe a Tsafe, da ranar da ya kai mu ba da jini, da gidajen da ya kai wa gero a ɓoye bara, kowanne da sunan mai shi. Na zaci zukata za su yi sanyi. Da na gama, Alhaji Rabi'u ya gode mini, ya ce da sun ɗauka kuskuren rana ɗaya ne su yi gargaɗi, ashe hali ne. Sau talatin da ɗaya aka fasa atisaye. Ni na ƙirga musu.

Na bi Malam waje in ba shi haƙuri. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba, amma ba don aikin ba. Ya ce, "Aiki nasu ne, sun karɓi abinsu. Amma sunayen mutanen nan, Yusha'u, wa ya ba ka?"

Wasu daga cikin waɗanda aka kai wa geron maƙwabtan 'yan kwamiti ne, suna sallah a sahu ɗaya. Wannan bai zo mini ba sai a lokacin. Abin da ya fi ba ni haushi, Sahabi, shi ne yana da gaskiya. Gobe zan fara bin gidajen ɗaya bayan ɗaya neman gafara. Goma sha bakwai ne.

Ka gaida Lami.

Naka,
Yusha'u