Hannun Daman Nwokedi

Umudiala, 3 ga Maris, 1934

Zuwa ga ƙanena Muoneke, wanda yanzu ake kira Barnabas.

Gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da farar rigarka. Marubucin wasiƙun bakin kasuwa ne ke rubuta mini wannan, na kuma ce duk kalmar da ya sassauta sai na mare shi.

Wata uku ke nan da muka binne Baba. Babbar jana'izarsa, wadda za ta kai shi wurin kakanni, saura kwana goma sha shida, ranar kasuwar Eke. An tara doya, an ɗaure akuya. Jiya muka shiga ɗakinsa ɗauko ikenga, ba mu same shi ba. Kada ka ce ka manta mene ne: gunkin nan mai ƙaho biyu, hannun daman Baba, wanda ya yi noma tare da shi shekara hamsin. In ba a tsaga shi ranar jana'iza ba, Baba zai tsaya a hanya, ba ya nan ba ya can.

An ga ka fita da ƙunshi a hammata ranar binnewa. Ba zargi nake ba, gaya maka nake. Ka dawo da shi.

Yayarka, Mgbafor

*

Gidan Mishan, Anacha, 6 ga Maris

Zuwa ga Yaya Mgbafor mai daraja.

Bayan gaisuwa irin ta 'yan'uwantaka, takardarki ta iso, na kuma karanta ta da haƙurin da aka san ma'abota ilimi da shi.

Kalmar "ƙunshi a hammata" ba ta dace da tafintan Rabaran Witikom ba. Ban ɗauke itacen ba, ɗaga darajarsa na yi. Ki sani Rabaran yana wallafa wani gawurtaccen littafi kan al'adun Ibo, ni kuma nake kwafe masa shi da kyakkyawan rubutuna, wanda ya yaba sau biyu, sau ɗaya ma a gaban baƙo. Itacen zai shiga jirgin ruwa tare da littafin, a sa shi cikin akwatin gilashi a Ingila, masana masu tabarau su riƙa kewaya shi suna gyaɗa kai. Wane Nwokedi ne ya taɓa wuce Asaba, balle teku?

Domin kada mutanen ƙauye su rasa abin sara, na sa wani masassaƙi ya yi sabo, ga shi nan tare da takardar. Ya fi tsohon tsawo, ƙahonsa ma duka biyu lafiya lau.

Naki cikin haske, Barnabas M. Nwokedi, Tafinta

*

Umudiala, 9 ga Maris

Muoneke, ina gaishe ka don uwarmu ɗaya.

Ga itacenka nan na mayar maka, ka dafa shayin Bature da shi. Ka aiko mana baƙo mai ƙamshin ɗanyen ice ka ce ubanmu ne? Wannan ya taɓa cin goro daga hannun Baba? Da na kwance shi a gaban dattawa, Kawu Ibekwe ya juya shi ya ce, "Wannan ai ko gara ba ta san shi ba tukuna." Aka yi dariya. Ni ban yi ba.

Tunda kana alfahari da ƙaho lafiyayye, bari in gaya maka yadda na tsohon ya karye. Ranar da dattawa suka zo hana a kai ka makarantar mishan, ɗayansu ya ture shi da ƙafa. Baba ya ɗauke shi ya ce ko ƙahon biyu za su karye sai ka tafi. Tun daga ranar, kowace safiya yana fasa goro a gabansa yana cewa, "Ka ƙarfafa hannun Muoneke a kan alƙalami." To, hannun ya yi ƙarfi, har ya iya ɗaukar kayan mamaci.

In bai iso ba kafin kwana huɗu, 'ya'ya matan gidan nan, mu arba'in da ɗaya, za mu zo mu zauna a farfajiyar Rabaran ɗinka. Ba za mu ci ba, ba za mu tashi ba, za mu yi ta waƙa da sunanka. Waƙar ma an gama shirya ta, har da batun fitsarin kwancenka.

Mgbafor

*

Gidan Mishan, Anacha, 12 ga Maris

Yaya.

Ina gaisuwa. Ki dakatar da rundunarki.

Jiya Rabaran ya miƙo mini babi na tara in kwafe. A nan na tarar da zanen ikengan Baba, an rubuta a ƙarƙashinsa: "Gunkin wani tsoho jahili, wanda ya jefar da shi cikin firgici da haske ya zo masa." Wani tsoho! Mutumin da rumbun doyarsa ya ciyar da unguwa uku shekarar fari! Na ce, cikin ladabin da ya kusa shaƙe ni, "Ranka ya daɗe, sunansa Nwokedi, kuma bai jefar da komai ba." Ya ce, "Barnabas, masu karatu a Ingila ba za su iya furta wannan sunan ba." Ya ci gaba da shan shayinsa.

Saboda haka na gudanar da wani bincike na ilimi. Na ɗauki baƙon da kika mayar, na karya masa ƙaho ɗaya, na shafe shi da manja da kunkunniya, na turara shi a murhun kuku, na ajiye shi a gurbin na gaske. Da safen nan Rabaran ya auna shi da ma'auni, ya shinshina, ya tabbatar da cewa ya haura shekara ɗari uku. Na rubuta hakan da kyakkyawan rubutuna. Masanan Ingila su gyaɗa masa kai har wuyansu ya ƙage.

Na gasken yana cikin kwandon nan, a ƙarƙashin garin rogo. Amma ni ba zan zo ba. Ban bar addinina ba, kuma dokar mishan a fili take: duk ma'aikacin da aka gani a irin wannan jana'iza, a bakin aikinsa.

Ƙanenki, Barnabas Muoneke

*

Umudiala, 14 ga Maris

Ƙanena, ina gaishe ka.

Ya iso. Na gane shi tun kafin in kaɗe garin. Na sallami matan, sun ji haushi, don sun riga sun haddace waƙar.

Sai dai karatu ya mantar da kai abu ɗaya. Ba mace ke tsaga ikenga ba, ba kuma kawu ba. Babban ɗa namiji ne, da hannunsa na dama. Baba yana da guda ɗaya tak. Eke saura kwana biyar. Ba zan roƙe ka ba.

Mgbafor

*

Anacha, 16 ga Maris

Yaya, gaisuwa.

Na mayar wa Rabaran alƙalaminsa. Babi na goma sai ya kwafe da kansa.

Ku wasa gatarin. Kuma ki gaya wa matan nan, in na ji ko baiti ɗaya na waƙar nan, sai in koma.

Muoneke, ɗan Nwokedi