Bangon Gabas

Kebbe, 3 ga Yuli

Zuwa ga ƙanwata Rumasa'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da mutanen Tambuwal baki ɗaya. Mu nan sai godiya, ban da gwiwa da kunne. Kunnen kam ya tafi abinsa, ko a bakin injin niƙa na tsaya ba na jin komai, shi ya sa na ce ki daina wahalar da kanki da waya. Ɗangiwa direba zai kawo miki wannan.

Shi ne ya rubuta mini a bayan kwali cewa kin sayar da gonarki ta Fakku za ki sayi gidan haya. Ban hana ki ba, tunda Malam ya rasu kina bukatar abin da zai riƙe ki. Amma shekara talatin da huɗu na yi ina gini a garin nan naku, don haka ki saurari kurma.

Kada ki sayi gida da rani, lokacin kowane gida kyakkyawa ne. Ki bari a yi ruwa mai ƙarfi, ki je washegari ki ga inda ruwan ya kwanta. Kada ki tambayi dillali tarihin fili, ki nemi tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a layin. In gidan gado ne, sai kin ga kowane magaji da idonki a gaban mai unguwa, har matan da ke aure nesa. Sannan ki ɗauki makulli ki bi bango kina ƙwanƙwasawa tun daga ƙasa. Bulo yana amsawa da ƙarfi. In kika ji yana ƙara kamar ƙwarya, ginin ƙasa ne aka lulluɓe da siminti, ki gyara mayafinki ki fita. Siminti ba ya barin ƙasa ta sha iska. Ruwa zai shiga ta gindi ya rasa hanyar fita, bango ya ruɓe daga ciki alhali fuskarsa tana sheƙi.

Ki gaishe da kowa. Allah Ya yi miki zaɓi.

Yayanki,
Na'iya

Tambuwal, 12 ga Yuli

Yaya Na'iya,

Wa alaikumus salam. Ina gwiwa? Allah Ya ƙara sauƙi. Ɗangiwa kuwa tsohon labari ya kai maka, don tun watan Maris na sayi gidan. Na ɓoye maka ne saboda na san halinka, da sai ka sa na ƙwanƙwasa gidajen Tambuwal kaf kafin ka yarda da ɗaya.

Kwantar da hankalinka. Ba gidan gado ba ne, an yi takarda a gaban mai unguwa, shaidu sun sa hannu. Ɗaki uku ne da zaure, a gangaren bayan tsohuwar marina, mai kallon wata ƙatuwar tsamiya. Bangonsa sumul, an shafa masa shuɗin fenti. Kai da kanka za ka yaba wa wanda ya yi yaɓen.

Har na sa 'yan haya. Malam Mannir ne, malamin firamare, da matarsa Muhsina, yarinya mai kunya. Ta haihu ranar Litinin da ta wuce, an samu mace. Likita ya ce ta zauna kusa da asibiti, don haka ba ta je wankan gida ba, uwarta Dada ce ta zo daga Jabo tana yi mata wankan jego. Suna ɗakin gabas, shi ya fi girma. Safe da yamma Dada na dafa ruwa a babbar tukunya, ana wanka a lungun bayan ɗakin, gidan duk ƙamshin ganyen darbejiya. In na leƙa sai in ji kamar jikata aka haifa.

Ka ga ƙanwarka ba ta da wauta kamar yadda kake zato. A gaishe da iyali.

Rumasa'u

Kebbe, 14 ga Yuli

Rumasa'u,

Sallama. Ki yafe mini gajeriyar gaisuwa.

Na san gidan. Ni na yi wannan yaɓen da kike yabo, shekara goma sha tara da suka wuce. Ɗakin gabas ba bulo ba ne, tubalin ƙasa ne, kuma a kan tsohon kududdufi yake, wanda aka cike da shara da toka. Mai gidan na lokacin ya ce in lulluɓe shi da siminti in zana masa layi-layi yadda zai yi kama da bulo, don ya sayar. Na san abin da nake yi, kuma na yi. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Na ce a raina wanda ya saya shi ya sani, ban kawo cewa gidan zai zagayo ya faɗo hannun 'yar uwata ba.

Tsoro nake ji, Rumasa'u. Hadarinmu daga gabas yake zuwa, wannan bangon shi ke shan dukan ruwa duk damina. Yanzu kuma kin ce ana zuba masa ruwan zafi a gindi sau biyu a rana, za a yi ta yi har kwana arba'in. Irin wannan bango ba ya tsagewa ya yi gargaɗi, zama yake yi gaba ɗaya, ya rushe lokaci guda.

Ki fitar da su yau. Da ƙafata na ɗaukata da kin gan ni maimakon takarda. Amma don Allah ki nemi wani dalili ki faɗa musu, kada ki ambaci sunana. Rabin masallatan layin nan naku ni na gina, kuma sunan nan shi kaɗai ya rage mini.

Na'iya

Tambuwal, 17 ga Yuli

Yaya,

Ina gaisuwa. Na karanta takardarka sau uku a tsaye, ban iya zama ba. Faɗan da zan yi maka na ajiye shi sai wani lokaci.

Na je da makulli. Bangon zaure ya amsa da ƙarfi. Da na zo ɗakin gabas na durƙusa na ƙwanƙwasa, sai na ji kamar ƙwarya, daidai yadda ka ce. Na danna da yatsa a ƙasa-ƙasa, simintin ya motsa, wani jiƙaƙƙen gari ya zubo. Gadon Muhsina yana jingine da wannan bangon, jaririyar tana kwance ta wajen bango don kada ta faɗo.

Na ce musu zan yi gyara, su koma gidana na ɗan lokaci. Malam Mannir ya sunkuyar da kai ya ce sai abin da surukarsa ta ce. Dada kuwa ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Hajiya, mi ya sami ɗakin ga? Bango sumul kamar faranti. Maijego ba ta sauya ɗaki, ba mu tashi sai ɗiyata ta yi arba'in. In wani mai ƙarin kuɗi kika samu, ki faɗi gaskiya.” Na ce to a janye gadon, a daina wanka a lungun. Ta ce nan ne kaɗai iska ba ta shiga, ba za ta kai ɗanyen jiki tsakar gida sanyi ya kama shi ba.

Kafin la'asar magana ta zaga layin, wai Rumasa'u za ta kori maijego da damina. Maƙwabciyarsu ko amsa sallamata ba ta yi ba. Mai unguwa ya ce shi ido yake bi, kuma idonsa bai ga tsaga ba.

Saura kwana ashirin da tara a yi arba'in. Jiya an yi ruwa tun azahar, na tsaya a ƙarƙashin tsamiyar ina kallon bangon har na jiƙe sharkaf. Ko gajimare ya gifta sai gabana ya faɗi. Ba wanda zai yarda da ni, Yaya, ni ba maginiya ba ce. Maganar wanda ya yi aikin kawai za su ji. Ban faɗi sunanka ba, amma ban san kwana nawa zan iya riƙe shi ba.

Ƙanwarka,
Rumasa'u

Kebbe, 18 ga Yuli

Rumasa'u,

Sallama. Ki ɗauki takardata ta ranar sha huɗu ki kai wa mai unguwa. A tara maƙwabta, a kira Dada, a karanta da ƙarfi daga farko har sa hannuna, kada a tsallake ko layi ɗaya, har wurin da na roƙe ki ki ɓoye ni. Na roƙi Ɗangiwa ya juyo da motarsa yau ɗin nan ko babu fasinja.

Allah Ya riƙe bangon har ki isa.

Na'iya

Tambuwal, 22 ga Yuli

Yaya,

Ina gaisuwa, ina gwiwa.

An karanta takardar ranar da saƙonka ya iso, a ƙofar gidan mai unguwa. Da aka gama, Dada ta shiga ɗakinsu ta naɗo jaririyar a zane ta miƙo mini.

Bangon ya zauna jiya bayan azahar, ana tsakiyar ruwa. Gadon ya karye biyu, tukunyar wankan ma ba a gan ta ba sai da aka tona. Babu kowa a ciki.

Gidan haya dai ya tafi, gonar Fakku ma ta tafi. Muhsina na ɗakina, Dada ta hura wuta a tsakar gidana, jaririyar tana kan cinyata yanzu haka, shi ya sa rubutun ya karkace.

Abin da mutane ke faɗa a kanka a layin nan ba zan rubuta maka ba. Yau dai na gode wa Allah da kunnenka ba ya ji.

Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Rumasa'u